Filin Tambaya da Amsa: Wa Zan Damƙa wa Amanar Karɓar Kuɗin Cinikina?

Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga ƙananan 'yan kasuwa suka fito, kuma kusan dukkansu magana ɗaya suke kewayawa, wato kamfanonin da ke karɓar kuɗi ta intanet a madadin mai sayarwa. Na zaɓi huɗu na taƙaita su, na kuma tsawaita amsar ta farko saboda ita ce ta tattaro abin da sauran suke nema.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Kano, shekara uku ke nan ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga cikin gida. Ina saro kaya a Kantin Kwari, in ɗauki hotonsu in sa a WhatsApp da Instagram, mai so ta zaɓa ta turo kuɗi, ni kuma in ba ɗan sahu ko direban motar haya ya kai mata. Asusun da ake turo mini kuɗin ciniki shi ne wanda maigidana ke sa mini kuɗin cefane, har ta kai ban san iyakar jarina ba. Sau biyu ana turo mini hoton shaidar biya na bogi, na saki kaya, kuɗi bai shigo ba. Ƙanwata ta ce in yi rajista da Paystack, maƙwabciyata ta ce ita Moniepoint take amfani da shi, ɗana kuma ya ce OPay kaɗai ya ishe ni. Don Allah wanne ya fi?

Daga wata 'yar kasuwa, Kano.

Amsa

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alherin abin da kika rasa, ya sa albarka a nema. Kafin a ce wanne ya fi, yana da kyau ki san cewa sunaye ukun da aka ba ki ba aiki iri ɗaya suke yi ba, don haka kowa a cikin masu ba ki shawarar ya faɗa miki abin da ya dace da irin tasa buƙatar ne. OPay da takwaransa PalmPay lasisinsu na hada-hadar kuɗi ta wayar hannu ne, suna buɗe wa mutum asusu a manhaja, su riƙe masa kuɗinsa, ya tura ya karɓa. Moniepoint yana aiki da lasisin ƙaramin banki, kuma ya yi fice da na'urorin POS da asusun 'yan kasuwa. Paystack kuwa, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka kuma ya saye shi a 2020, asalin aikinsa dillanci ne tsakanin mai saye da mai sayarwa: yana karɓar kuɗin ta kati ko taransfa ko lambar USSD (wato lambobin banki da ake latsawa a waya ba sai da intanet ba), ya tabbatar an biya, ya cire ladansa, sannan ya tura ragowar zuwa asusunki na banki. Irin wannan dillanci Flutterwave ke yi tun 2016, haka ma Interswitch da ya riga su duka, tun 2002, wanda shi ne mai katin Verve da ke aljihun mutane da yawa.

Wurin da za ki fara dubawa shi ne littafin cinikinki, ko saƙonninki na WhatsApp idan ba ki da littafi. Ki ɗauki ciniki 20 na ƙarshe ki ga ta wace hanya aka biya kowanne, nawa ne kuɗinsa, kuma daga wane gari mai sayen take. Ina kyautata zaton za ki tarar kusan duka taransfa ce, domin tun ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 bayan sauya fasalin kuɗi, hatta tsofaffinmu da ba su yarda da komai ba sai tsaba sun koyi turawa ta manhaja ko ta lambobi irin *737# da *966#. A ɗaya ɓangaren kuma, matan gida da yawa suna ɗari-ɗari da rubuta lambar katinsu a wani shafi da ba su sani ba, kuma ban ga laifinsu ba, tunda bankuna da kansu kullum gargaɗi suke yi a kan haka. Idan masu sayenki 'yan taransfa ne, buƙatarki ta farko ita ce asusun kasuwa na daban wanda kuɗi ke shiga nan take, kuma yake nuna miki sunan wanda ya turo da lokacin da ya turo ba tare da jinkiri ba. Wannan kuwa bankinki na yanzu zai iya buɗe miki, manhajojin da aka ambata miki ma za su iya. Raba kuɗin cefane da kuɗin jari shi ne gyara mafi girma da za ki yi a wannan shekara, kuma bai dogara da sunan wani kamfani ba.

Batun shaidar biya ta bogi kuma, maganinta ɗabi'a ce da za ki ɗora wa kanki. Kwanakin baya na tsaya a wani shago a Kantin Kwari, wani mai saye ya miƙo wayarsa yana nuna cewa kuɗi ya fita, har da koren tambarin nan da ke nuna an kammala. Mai shagon ya yi masa fara'a, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwa, amma ko kallon wayar bai yi ba. Tasa ya buɗe ya shiga manhaja yana jira, yaron shagonsa kuwa ya riga ya ɗaure dilar atamfar, sai ya zauna a kanta. Minti huɗu ko biyar aka yi a haka kafin kuɗin ya bayyana, sannan yaron ya tashi ya ɗora wa mai baro kayan. Babu wanda ransa ya ɓaci, domin kowa a layin ya san ƙa'idar. Hoton da aka turo miki ana iya haɗa shi a waya cikin ɗan lokaci, saƙon alat ma ana ƙirƙirar na ƙarya da sunan banki, don haka abin dogaro kawai shi ne ki buɗe manhajarki ki ga jimillar kuɗinki ta ƙaru. Ki rubuta wannan sharaɗi a saman shafinki domin kada wata ta ɗauka ita kaɗai kike zargi.

Dillalai irin su Paystack da Flutterwave amfaninsu yana fitowa ne idan ciniki ya yi yawan da ba za ki iya bin kowace taransfa da ido ba. Suna ba ki mahaɗin biya da za ki tura wa mai saye, ko ƙaramin shafi mai ɗauke da hotunan kayanki da farashinsu, ta zaɓa ta biya ko da tsakar dare ne, ke kuma da safe ki tarar da jerin wa ya biya, me ya saya, ina za a kai. Idan ta zaɓi taransfa, ana ba ta lambar asusu ta wucin gadi da aka ware wa wannan ciniki kaɗai, saboda haka babu ruɗanin mata biyu sun turo kuɗi iri ɗaya a lokaci guda kina laluben wace ce wace. Amma wannan sauƙi yana da farashi, kuma ina so ki yi lissafinsa da alƙalami. Farashin da Paystack ya daɗe yana wallafawa na cinikin cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, ana yafe ƙarin idan cinikin bai kai naira 2,500 ba, kuma ladan ba ya wuce naira 2,000 komai girman cinikin. A wannan ma'auni, kwalbar turare ta naira 2,000 za a cire mata naira 30 kacal, amma ta naira 3,000 za a cire mata 145, kusan kashi 5 cikin 100 ke nan. Turmin atamfa na naira 20,000 ladansa 400 ne, kayan lefe na naira 500,000 kuwa 2,000 kawai za a ɗauka. Kin ga mai sayar da ƙananan kaya masu siririyar riba ita ce ta fi jin jiki, mai manyan kaya kuma ko a jikinta. Kamfanoni suna sauya farashinsu, don haka ki karanta na ranar da za ki yi rajista, ki tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin ladan ko a kansa ake ɗorawa. Kada kuma ki manta da harajin naira 50 da gwamnatin tarayya ta sa a kan taransfar naira 10,000 zuwa sama, wanda ya game asusun manhajojin nan tun Disamba 2024.

Shawarata a nan ita ce ki cusa ladan cikin farashin kaya tun farko. Mai saye ta fi jure a ce mata turmi naira 20,500 ne da a ce 20,000 ne sannan a lokacin biya ta ga an ƙara wani abu da ba a faɗa mata ba.

Akwai kuma abin da 'yan kasuwa ba su cika tambaya ba sai sun ƙone, wato yaushe kuɗin zai shigo hannu. Dillalan nan a bisa al'ada sai washegarin ranar aiki suke tura wa mai sayarwa kuɗinsa, ma'ana cinikin ranar Juma'a yana iya kaiwa Litinin, idan kuma hutun Sallah ya haɗu da ƙarshen mako sai jiran ya ƙara tsawo. Ga mai jari mai kauri wannan ba komai ba ne. Ga ke da kike juya kuɗi, ki karɓa yau ki shiga Kwari gobe da safe ki saro wani kafin farashi ya motsa, kwana uku a makon jajiberin Sallah asara ce babba, domin a makon ne ake cinikin da ke riƙe mutum wata biyu.

Duk wanda za ki zaɓa, ki fara tabbatar da lasisinsa. Babban Bankin Najeriya yana wallafa sunayen kamfanonin da ya ba izini a shafinsa, kuma tun Disamba 2020 ya rarraba lasisin biyan kuɗi gida-gida, ya fayyace cewa a cikinsu masu lasisin hada-hada ta wayar hannu ne kaɗai aka yarje wa su riƙe kuɗin jama'a. Sabuwar manhaja da wani ya tallata miki a Instagram da alƙawarin babu caji ko kwabo, idan ba ki ga sunan kamfaninta a jerin ba, ki bar ta inda kika gan ta. Bayan lasisi sai gwaji, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ki sa ƙanwarki ta turo naira 1,000 daga wani banki da rana, ta sake turowa da dare, ki ga tsawon lokacin da ya ɗauka. Ki kira lambar masu kula da kwastomomi da wata tambaya, ki ga ko mutum ne zai ɗauka, minti nawa kika jira, ko akwai mai jin Hausa, kuma ko suna da ofis ko wakili a Kano da za ki iya aika ɗanki. A ganina wannan gwaji ya fi bambancin naira 20 ko 50 a lada muhimmanci nesa ba kusa ba, domin kowane kamfani yana da kyau ranar da komai ke tafiya daidai, ranar da kuɗi ya fita daga wajen mai saye bai iso wajenki ba ita ce ke nuna wanda kika ɗauka.

Da ni ne a matsayinki, zan buɗe asusun kasuwa da sunan sana'ata a wurin da taransfa ke shiga nan take, in ajiye asusu na biyu a wani banki daban saboda ranar da sabis ɗin na farko ya ɗauke, in yi wata shida a haka ina rubuta kowane ciniki. Idan oda ta fara fin ƙarfin idona, ko masu saye daga waje suka fara neman biya da kati, sai in ƙara da ɗaya daga cikin dillalan.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. Ina da shagon kayan waya a Zariya, kuma duk cinikina a asusun manhaja yake taruwa, wani lokaci har ya haura naira miliyan 3 kafin in tafi sari. Yayana kullum yana yi mini faɗa cewa waɗannan kamfanoni ba su da gini irin na banki, idan suka rufe rana ɗaya babu wanda zan kama. Shin maganarsa gaskiya ce?

Daga wani matashi, Zariya.

Amsa

Barka kadai, ɗan'uwa. Yayanka yana da gaskiya a damuwarsa, ko da yake dalilin da ya kawo ba shi ne ma'auni ba. Bankin Heritage yana da gine-gine da rassa a jihohi da yawa, amma Babban Banki ya soke lasisinsa a watan Yuni 2024, kuma a watan Mayu 2023 an soke na ƙananan bankuna fiye da 100. Abin da ke kare mai ajiya a irin wannan rana shi ne inshorar hukumar NDIC mai lamunce kuɗin masu ajiya, wadda aka ɗaga adadinta a 2024. Mai ajiya a babban bankin kasuwanci ana lamunce masa har naira miliyan 5, mai ajiya a ƙaramin banki har miliyan 2, masu asusun hada-hada ta wayar hannu kuma har miliyan 5 ta hanyar bankin da kamfanin ke ajiye kuɗin jama'a a cikinsa. Abin da ya haura wannan adadi sai an sayar da kadarorin wurin kafin a biya, kuma hakan yana ɗaukar lokaci. Don haka ka bincika wane irin lasisi ke bayan manhajarka. Idan na ƙaramin banki ne, miliyan 3 ɗinka ta wuce abin da aka lamunce da miliyan guda, kuma hikima ita ce ka riƙa kwashe rarar zuwa wani banki duk ƙarshen mako.

Sai dai rufewar kamfani abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ya fi yawan samun 'yan kasuwa shi ne a daskarar da asusu, kuma sau da yawa tushen matsalar yana cikin takardunsu. Wani ɗan ƙanena da ke sayar da takalma ya buɗe asusu a mataki na farko, wato mafi ƙanƙanta cikin matakan asusu, wanda jimillar abin da aka yarda ya zauna a cikinsa naira 300,000 ce, bai kuma damu ya ɗaga shi ba. Ana saura kwana biyar Sallah wani ya turo masa kuɗin sari mai yawa, asusun ya cije. Da ya je ɗaga matakin sai aka tarar sunan da ke BVN ɗinsa yana da sunan kakansa a ƙarshe, na NIN kuma sunan garinsu aka sa, shekarar haihuwa ma ta bambanta. Ina zaune a gabansa yana kiran kamfanin, wayar tana kan tabarma a buɗe, kiɗan jira yana ta maimaituwa, mai kayan kuma yana kiran ɗaya layin. Sai bayan Sallah aka sakar masa kuɗinsa, lokacin kasuwar takalma ta riga ta watse. Wannan ruɗanin suna ya yi yawa a wajenmu, saboda mutum ɗaya yana iya zama da sunan uba a makaranta, sunan kaka a banki, sunan gari a katin ɗan ƙasa. Tun Disamba 2023 Babban Banki ya wajabta haɗa asusu da BVN ko NIN, manyan matakai kuma da duka biyun, kuma a watan Afrilu 2024 har an dakatar da wasu manyan manhajoji daga ɗaukar sababbin kwastomomi na fiye da wata guda a kan batun tantance masu asusu. Tun daga nan kamfanonin suka tsaurara. Ka daidaita sunayenka yau da babu kuɗi a maƙale, ka ɗaga asusunka zuwa matakin ƙarshe, ka kuma yi wa shagonka rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC.

Idan duk da haka kuɗi ya maƙale, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin ka adana, tare da lambar shaidar taransfar mai tsawo da ke jikin rasit, domin da ita ake bin sawun kuɗi tsakanin bankuna. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, kana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Kada ka rubuta ƙorafinka a ƙarƙashin tallar kamfani a Facebook tare da lambar wayarka, domin 'yan damfara suna zaune a nan suna jira, su kira ka da sunan ma'aikatan kamfanin su nemi lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Babu ma'aikacin gaskiya da zai nemi ɗaya daga cikinsu.

Tambaya ta uku

Malam, ladan da kamfanonin nan ke cira a kan kowane ciniki, ba ya shiga cikin riba da addini ya hana? Ina son in fara amfani da su amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Daga wani mai sayar da dabino da zuma, Gusau.

Amsa

Allah ya saka maka da alheri bisa wannan taka-tsantsan. Hukunci na malamai ne, kuma ina ba ka shawara ka kai wa malamin da ka amince da shi bayanin yadda abin yake aiki. Abin da zan iya fayyace maka shi ne surar mu'amalar. Ladan da ake cira kuɗin aiki ne, kamar la'adar dillali ko kuɗin mai kai saƙo, domin kamfanin bai ba ka bashi ba, ya ɗauko kuɗi ne daga hannun mai saye ya kawo maka. Inda ya kamata ka buɗe ido shi ne sauran abubuwan da ke cikin manhajar. Da yawansu suna da sashen ajiya da ke ba da kuɗin ruwa kullum ko duk wata, wani lokaci da maɓallin da ke kwashe ragowar kuɗinka zuwa can kai tsaye, kuma suna tallata bashin gaggawa mai ruwa ga ɗan kasuwar da suka ga cinikinsa yana tafiya. Ka shiga saitin manhajar ka tabbatar waɗannan a kashe suke. Idan ka fi son hankalinka ya kwanta gaba ɗaya, ka sa asusun da kuɗinka zai riƙa sauka ya kasance a bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, ko TAJBank, ko Lotus.

Tambaya ta huɗu

Ranka ya daɗe, ni baduku ne, gadon gidanmu ne. Ina ɗinka jakunkuna da takalman fata, kuma tun da ɗana ya fara sa hotunan aikina a intanet mutane daga Ingila da Amurka suke tambaya, amma sai maganar biya ta tsayar da mu. Yaya zan karɓi kuɗinsu?

Daga wani mai sana'ar dukanci, Kano.

Amsa

Tare da naka, Baba. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Kai ne ainihin wanda aka yi dillalan kati dominsa, domin mai saye a Landan ba shi da asusun naira da zai yi maka taransfa, abin da ke hannunsa katin Visa ne ko Mastercard. Galibin kamfanonin ba sa buɗe ƙofar katin waje sai ga wanda ya yi rajista da CAC kuma yana da asusun banki da sunan sana'ar, don haka daga nan za ku fara kai da ɗanka. Ladan ma ya fi na gida tsada. A farashin da Paystack ya wallafa, katin waje kashi 3.9 cikin 100 ne da ƙarin naira 100, ke nan jaka ta naira 80,000 za a cire mata 3,220. Ku tambaya tun farko ko da naira za a biya ku ko da dala, idan da naira ne kuma da wane farashin canji, saboda bambancin canji yana iya cin abin da ya fi ladan kansa.

Abin da nake so ka fahimta sosai shi ne cewa biyan kati ba kamar taransfa ba ne. Mai kati yana da damar zuwa bankinsa bayan makonni, har ma watanni, ya ce kaya bai iso ba, ko ba shi ne abin da ya gani a hoto ba, ko ma ba shi ya yi cinikin ba, katinsa aka sace. Idan ya yi haka, dillalinka zai sanar da kai ya ba ka ɗan gajeren wa'adi ka kawo hujja, idan ba ka kawo ba a cire kuɗin daga cinikinka na gaba a mayar masa, ka rasa jaka ka rasa kuɗi. Sanarwar kuma ta imel take zuwa, don haka dole ɗanka ya riƙa buɗe imel ɗin kullum kamar yadda kake buɗe rumfa.

Hujjar da ke tsayawa a irin wannan jayayya ita ce wadda aka tanada tun kafin kaya ya bar hannunka. Ku aika ta kamfanin jigila mai ba da lambar bin sawu kuma mai karɓar sa hannun wanda aka kai wa, ko da ya fi tsada, ku sa kuɗin a cikin farashi. Ku ɗauki hoton jakar a gefen takardar adireshi kafin a rufe kwali. Ku ajiye duk hirar da aka yi da mai sayen, musamman inda ya amince da launi da girma da ranar isowa. Tunda fatar hannu ba ta fita iri ɗaya sak, wata ta fi wata duhu, wata tana da ɗan tabo na halitta, ku rubuta haka ƙarara a ƙarƙashin kowane hoto domin kada a ce an ɓoye. Idan kuma baƙon da ba ku taɓa ciniki da shi ba ya nemi jaka 30 a tashi ɗaya, yana gaggawa, bai nemi ragi ba, sunan da ke katin kuma daban da na wanda za a kai wa, ku dakata ku nemi dillalin ya duba cinikin kafin ka yanka fata ko ɗaya.